Babi na Shida: Asibitin da ke Cikin Waya

Wai shin asibiti ma yana da hannu a ɗumamar duniya? Duk wanda ya ji ana zancen sauyin yanayi, abin da yake faɗo masa a rai shi ne matatar mai, ko kamfanin siminti, ko tirelar da take turnuƙe titi da baƙin hayaƙi. Ba ya kawo ɗakin haihuwa ko ɗakin tiyata a lissafi. Akwai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko zafi, kuma iyaye ne suka fi yin ta. An tura yaro jami'a ya karanto likitanci, an kashe kuɗi ba kaɗan ba, sai kuma a ji wai malaminsa ya ba shi gem ya je ya buga. Karatu ne wannan ko shiririta?

Tambayoyin biyu a ƙulle suke da juna, don sai an san irin hayaƙin da asibiti yake fitarwa sannan za a gane abin da ya sa wasu malamai suka koma ga wasa.

Hayaƙin da ba ya fita ta bututu

A shekarar 2019 ƙungiyar Health Care Without Harm da kamfanin injiniyoyi na Arup suka fitar da wani lissafi da ya ba mutane mamaki. Sun gano cewa harkar kiwon lafiya ce take da alhakin kashi 4.4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Da a ce asibitoci da kamfanonin magunguna na duniya ƙasa ɗaya ne, da ita ce ta biyar a jerin masu gurɓata sararin sama. Amurka da Sin da Tarayyar Turai su kaɗai sun kwashe fiye da rabin wannan kaso.

Amma ba nan gizo yake saƙa ba. Kashi 71 cikin 100 na wannan hayaƙi ba a harabar asibiti yake tashi ba. Yana tashi ne a masana'antar da ta haɗa ƙwayar magani, da wadda ta narka roba ta yi sirinji, da jirgin ruwan da ya ɗauko kwalayen, da wurin da aka ƙona sharar bayan an gama. Nas ɗin da ta farke ledar safar hannu ba ta ga hayaƙi ba, ba ta ji ƙaurinsa ba. An riga an fitar da shi a wata nahiyar watanni kafin kayan su iso hannunta.

Ingila ce ta fara ɗaukar abin da gaske. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyarta, NHS, ta yi alƙawarin kawar da nata kason: zuwa 2040 ga abin da take fitarwa da kanta, zuwa 2045 ga abin da yake zuwa ta hanyar sayayyarta. Da suka zauna suka tsefe lissafin, sai suka tarar magunguna kaɗai sun ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Iskar sa barci ta ci kashi 2 cikin 100, abin shaƙar masu asma kuwa kashi 3. Waɗannan biyun su suka fi jan hankalin malamai, domin likita ne yake zaɓensu da hannunsa, sau da yawa a rana.

Kwalba biyu a kan teburi ɗaya

Ga likitan sa barci, kwalba biyu a gabansa. Ɗaya desflurane, ɗaya sevoflurane. Dukansu suna sa majiyyaci barci, da kowacce yana farkawa lafiya a mafi yawan ayyuka. Sai dai jikin mutum ba ya narkar da waɗannan iskoki sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ya shaƙa, ya fitar, bututu ya kai su waje. Kilo ɗaya na desflurane yana riƙe zafi kamar kilo 2,540 na iskar kabon idan aka auna a tsawon shekara ɗari, na sevoflurane kuwa kamar kilo 130. Sukotland ta daina amfani da desflurane a 2023, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka, Ingila ta bi bayanta a 2024.

Abin shaƙar asma ma haka yake. Irin wanda ake dannawa ya fesa, ba maganin ne matsalar ba, iskar da take turo shi ce, wadda ta ninka kabon sau fiye da dubu wajen riƙe zafi. Gwangwani ɗaya na Ventolin ya kai kusan kilo 28 na kabon, wato fiye da abin da ƙaramar mota za ta fitar daga Kano zuwa Kaduna. Akwai wani irin, na gari, wanda mutum yake zuƙa da ƙarfin numfashinsa, shi bai fi kilo ɗaya ba. A Suwidin mafi yawan masu asma na gari suke amfani da shi, a Birtaniya kuwa, a lissafin 2017, kusan kashi 70 cikin 100 na fesawa ne. Ba huhun mutanen ƙasashen biyu ne ya bambanta ba. Al'adar rubuta magani ce ta bambanta, kuma al'ada a makaranta ake ɗaukarta.

Misalin da ya fi burge ni daga Indiya ya fito. Asibitocin ido na Aravind, waɗanda Dakta Govindappa Venkataswamy ya kafa a Madurai a 1976, suna cire yanar ido da kabon da bai wuce kilo 6 ba a kowane aiki, kusan kashi 5 cikin 100 na abin da irin aikin yake ci a Birtaniya. Sirrinsu shi ne wanke kayan aiki da turara su a sake amfani da su, da tsara aiki yadda ba a ɓarnar komai. Kuma idanun da suke yi wa aiki ba su fi na Turai kamuwa da ƙwayar cuta ba.

Me ya hana a koyar a aji kawai?

An gwada, ana kuma kan yi. Tun 2018 hukumar da take ba likitoci lasisi a Birtaniya ta sa sanin kiwon lafiya mai ɗorewa cikin abin da ake buƙata daga duk wanda ya gama karatun likitanci. Wani bincike da ƙungiyar ɗaliban likitanci ta duniya ta wallafa a 2020, wanda ya shafi makarantu a ƙasashe sama da ɗari, ya nuna kashi 15 cikin 100 ne kacal suke koyar da alaƙar sauyin yanayi da lafiya. Ɗalibai ne ma suka fi malamansu matsawa. A 2019 wasu ɗaliban likitanci a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka fara ba makarantunsu maki a kan wannan fanni, abin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa.

Matsala ta farko ita ce wuri. Jadawalin ɗalibin likita ko na jinya ko na harhaɗa magunguna a cike yake maƙil, duk darasin da aka cusa sai ya ture wani. Abin da ake samu galibi lakca ɗaya ce, da yamma, ga mutanen da suka kwana a wodi. Matsala ta biyu ta fi wannan. Lamba irin 2,540 tana shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, domin ba a haɗa ta da wani abu da ɗalibin ya aikata ba.

Duk wanda aka sa wa mitar kati a gida ya san abin da nake nufi. Shekara da shekaru ana ce wa mutanen gida su riƙa kashe fitila da hita, ba mai ji. Ranar da aka kafa mitar, suka ga yunit yana zubewa da zarar an jona dutsen guga, ba wanda ya sake buƙatar wa'azi. Gani ya kori ji. Asibiti ba shi da irin wannan mita a jikin kwalbar magani, kuma ba za a bar ɗalibi ya yi ta gwaji a kan majiyyaci na gaske ba. Wasan kwamfuta yana iya toshe giɓin nan biyu: ya nuna abin da kowane zaɓi ya ci nan take, ya kuma bar mutum ya yi kuskure ba tare da an yi asarar rai ba.

Wasa ya taɓa gyara likita?

Ya taɓa, ko da yake ba a fannin kabon aka fara ba. A Jami'ar Stanford an ƙirƙiro wani wasa mai suna Septris a 2011 don koyar da gane gubar jini. Majiyyata suna gangarowa daga saman allo yayin da jikinsu yake tsananta, mai wasa kuma sai ya nemi gwajin da ya dace, ya ɗaura ruwa, ya ba da maganin kashe ƙwayar cuta kafin su kai ƙasa.

Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne na Dakta Deepika Mohan ta Jami'ar Pittsburgh, wanda mujallar BMJ ta buga a 2017. Damuwarta ita ce likitocin sashen gaggawa a ƙananan asibitoci suna riƙe waɗanda suka ji mummunan rauni, maimakon su tura su babbar cibiya. Ba rashin sanin ƙa'ida ne ya jawo haka ba, sun haddace ta. Ido ne yake yaudararsu, musamman idan tsoho ne ya faɗi, babu jini a jikinsa. Sai aka raba likitoci 368 gida biyu. Rabi aka ba su darasin karantawa, rabi aka ba su wasa mai suna Night Shift, inda mutum yake zama wani matashin likita da ya koma garinsu ya kama aiki a ƙaramin asibiti. Idan ya riƙe wanda ya kamata ya tura, sai labarin ya dawo masa da sakamakon. Da aka jarraba su daga baya, masu karatu sun yi kuskure a kashi 64 cikin 100 na masu mummunan rauni, masu wasa kuwa a kashi 53.

A lura da abu biyu. Jarrabawar a kwamfuta aka yi ta, ba a bakin gadon majiyyaci ba. Sannan ko masu wasan sun kuskure fiye da rabi. Wasa na awa ɗaya ya motsa ɗabi'ar ƙwararren likita, amma bai mai da shi wani mutum daban ba.

A ɓangaren yanayi kuwa akwai En-ROADS, wanda Climate Interactive da makarantar kasuwanci ta MIT suka gina, kyauta a intanet. Kana rage kwal ko ka ƙara dashen itatuwa, sai ya nuna maka nan take zafin da duniya za ta kai a shekarar 2100. Malaman lafiya da suke son koyar da kabon ɗin asibiti daga waɗannan gidaje biyu, wasannin likitanci da na yanayi, suke aro.

Mu buga zagaye ɗaya

A ce ga ɗaliba 'yar aji huɗu riƙe da waya. A saman allon akwai ma'auni uku: lafiyar majiyyaci, kuɗin asibiti, da kabon. Majiyyaciya ta farko mace ce mai shekara talatin da take fama da asma. Ɗalibar ta tuna lakca, ta rubuta mata abin shaƙa na gari. Ma'aunin kabon ya sauka, ta ji daɗi.

Na biyu yaro ne ɗan shekara huɗu, ƙirjinsa yana fito. Ba ta tsaya ba, ta sake danna na gari. Kabon ya ƙara sauka, wasan bai ce mata uffan ba. Ta duba mutum uku, sai ga saƙo daga nas ɗin dare: "Likita, an dawo da yaron nan. Mahaifiyarsa ta ce ya kasa zuƙar maganin." An kwantar da shi, an sa masa iskar oksijin, an kira motar asibiti. Duka ma'aunin uku suka lalace, har na kabon ɗin da take fafutuka a kansa, domin kwana ɗaya a gadon asibiti ya ci fiye da abin da ta tsimi.

Ta sake wasan daga farko. Yanzu ta san ƙaramin yaro, da tsoho mai rauni, da wanda ciwon ya tasar masa, ba su da ƙarfin zuƙar gari, na fesawa ne nasu, haɗe da kwalbar da ake sawa tsakanin gwangwani da baki. A zagaye na uku ta gano abin da ya fi duka: ta tambayi matar farko sau nawa take shaƙa a mako, ta ga ciwon bai lafa ba, ta ɗora ta a kan maganin rigakafin tashin asma, ta nuna mata yadda ake shaƙa daidai. Maki mafi yawa a nan yake, domin asmar da aka shawo kanta ba ta cinye gwangwani bayan gwangwani, ba ta kai mutum gado.

Daga nan wasan yana iya kawo ƙananan abubuwa. Za a sake ɗiban jinin wannan mutumin yau, alhali na jiya lafiya lau ne? Wannan dattijuwar sai ta sake yin doguwar tafiya don a karanta mata sakamako, ko kiran waya ya wadatar? Sai an sa safar hannu kafin a auna hawan jini? Na ƙarshen nan ba ƙirƙira ba ce. Asibitin yara na Great Ormond Street a Landan ya fara wani kamfe a 2018 na cire safa a inda wanke hannu ya isa, suka rage roba kusan tan 21, ciwon fatar hannu ya ragu a tsakanin ma'aikata.

Inda wasa yake iya ɓatar da ɗalibi

Ɗalibai ba wawaye ba ne. Duk abin da ka sa wa maki shi za su bi. Wasan da ya ba da lada a kan rage kabon kawai zai yaye mutanen da suka koyi hana magani, tunda asibitin da bai duba kowa ba shi ne ya fi kowanne tsabta. Shi ya sa a ganina ma'aunin majiyyaci ne ya kamata ya zama mai kashe wasa. In ya faɗi, an tashi, komai kyan sauran.

Sannan lambar da ta fito a allo tana zuwa da kwarjini, kamar ba a jayayya a kanta. Alhali ana yi. A 2024 Julia Slingo, tsohuwar babbar masaniyar kimiyya a hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, ta yi rubutu tana cewa an zuzuta illar iskokin sa barci, domin kaɗan ne a sararin sama kuma ba sa daɗewa kamar kabon, wanda yake shafe ƙarnoni. Wasu masana ba su yarda da ita ba. Ɗalibin da wasa kaɗai ya koyar ba zai san an taɓa wannan muhawara ba, sai in malami ya zauna da ajin bayan an ajiye wayoyi. Wannan zaman, a wurina, shi ne rabin darasin.

Abu na uku ya fi ɓoyuwa. Wasa yana son jarumi guda mai danna maɓalli, don haka yakan ɗora komai a kan zaɓin mutum ɗaya. Wata mai harhaɗa magunguna a Sukotland, Alifia Chakera, ta bi diddigin iskar sa barci ta nitrous oxide da ake rarrabawa ta bututun bango, sai ta gano mafi yawanta ba ta kaiwa ga majiyyaci ko ɗaya. Yoyo take yi a hanya, dare da rana. Ba likitan da zai gyara wannan da kyakkyawan zaɓi a ɗakin tiyata. Aikin injiniya ne da shugabannin asibiti. Wasa mai kyau sai ya bar ɗalibi ya hau kujerar mai sayayya ko ta shugaban asibiti ko da sau ɗaya ne, ya ga inda manyan lambobin suke kwance.

Mu fa?

Mai karatu a Katsina ko Maraɗi yana da haƙƙin ya ce, to mu ina ruwanmu? Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin duniya ba. Lissafin 2019 ɗin nan ya nuna abin da kiwon lafiyar Ba'amurke ɗaya yake fitarwa ya ninka na Ba'indiye sau 57. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a 2023 ya ce kusan mutum biliyan ɗaya ne suke dogara da asibitocin da ba su da wuta sam, ko ba su da tsayayyiya. Ungozomar da take karɓar haihuwa da tocilan waya a baki, a miƙa mata wasan da yake ce mata ta rage safar hannu, ai cin fuska ne.

Duk da haka akwai ruwanmu, ta fuska biyu. Likitoci da nas-nas da yawa da aka horar a Najeriya a NHS suke aiki, inda wannan ilimi ya shiga cikin aikin yau da kullum, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka yi alƙawarin rage hayaƙin asibitocinsu a taron sauyin yanayi na Glasgo a 2021. Ta biyu, kabon ɗinmu a inda kuɗinmu yake zurarewa yake. Kowace lita ta dizal da janareta ya sha tana fitar da kusan kilo 2.7, duro ɗaya ya haura rabin tan. A wani asibitin gwamnati a Zariya ne likitar mata Laura Stachel ta ga ana aiki cikin duhu a 2008, abin da ya sa ita da mijinta Hal Aronson suka haɗa akwatin sola mai haska ɗakin haihuwa, wanda yanzu ake amfani da shi a ƙasashe da dama.

Saboda haka wasan da zai yi wa ɗalibanmu amfani ba na desflurane ba ne, wanda tsadarsa ma ta hana shi yawa a nan. Nasu zai tambaya ne: ga kasafin shekara, dizal za ka ci gaba da saye ko batir da faifan sola? Firjin rigakafi fa? Magungunan da suke lalacewa a sito saboda an yi odar abin da ba a buƙata? Sharar da ake cinna wa wuta a bayan wodi, hayaƙin yana shiga ta tagar masu ciwon ƙirji? Kuma dole ya yi aiki a ƙaramar waya, ba tare da data ba, ko da ɗalibai biyar ne suka kewaye waya ɗaya suna gardama.

A kowane zagaye da muka buga a wannan babi, kayan suna nan a gaban ɗalibar, nata kawai ta zaɓa. Ba mu tambayi wanda ya kawo su ba. Kashi 71 ɗin nan da muka ambata yana can a masana'antu da tashoshin jiragen ruwa da ofisoshin masu ba da kwangila. A babi na gaba za mu ɗauki sirinji ɗaya, mu bi shi da baya daga hannun nas har zuwa rijiyar man da robarsa ta fito, mu ga wa yake yanke shawara a kowane zango.